Muhawara: Tausar gyaran tsayuwa tana miƙar da ƙashin baya ne, ko ciwon kawai take saukarwa?

Ɗalibin Gashi:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman ƙarin haske kan tausar nan da ake kira Rolfin, wadda ake cewa a zama goma ana miƙar da mutum tun daga tafin ƙafa har ƙeya. Masu tallarta suna nuna hoton kafin a fara da na bayan an gama, kafaɗa ta daidaita, wuya ya koma mazauninsa. Me ake yi a zama goman nan dalla-dalla? Kuma mai ciwon bayan da ya haura wata uku, kamar tela ko direba, hannu zai iya gyara masa tsayuwa da gaske?

Malam Mai Tausa:
Wa alaikumus salam ɗalibi. Sunan na wata Ba'amurkiya ne, Ida Rolf, an haife ta a Niyok a 1896, ta rasu a 1979. Ba likita ba ce, masaniyar sinadaran jikin halittu ce, ta yi digirin digirgir a jami'ar Kolombiya a 1920. An kafa makarantar koyar da aikinta a 1971, tana garin Bolda a jihar Kolorado.

Tushen aikin shi ne tantani. Ka san farin tantanin nan da mahauci ke ɓarewa daga jikin nama, mai sheƙi, mai wuyar tsinkewa? Kowace tsoka a jikin mutum tana cikin irin wannan riga, kuma rigunan a haɗe suke da juna. A ganin Rolf, idan tantanin ya taƙure a wuri ɗaya sai ya ja sauran jiki ya karkace, kamar zanen gado da aka tsuke a kusurwa guda. Abin da take nema shi ne kunne, kafaɗa, ƙugu, gwiwa da idon sawu su hau layi ɗaya, yadda magini ke sakin igiya mai nauyi a baki don ya ga ko bango ya miƙe.

Zama uku na farko na saman jiki ne. Na ɗaya numfashi: ƙirji, haƙarƙari, kafaɗu, da ɗan aiki a gefen ƙugu. Na biyu ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa, tafin ƙafa, idon sawu, ƙwauri. Na uku mutum ya kwanta ta gefe, a bi layin gefen jiki daga hamata zuwa ƙugu da cinya, a buɗe tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. Na huɗu zuwa na bakwai su ne na ciki: na huɗu cikin cinya daga sawu zuwa matse-matsi, na biyar ciki da tsokar nan mai zurfi da ta taso daga ƙashin baya ta sauka kan ƙashin cinya, na shida bayan ƙafafu da mazaunai da gindin ƙashin baya, na bakwai wuya da kai da muƙamuƙi, wasu har cikin baki suke aiki da safar hannu. Uku na ƙarshe na haɗa aikin ne ya zama ɗaya. Kowane zama awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, a bar mako ɗaya ko biyu tsakani.

Ba a zuba mai da yawa, don ana so hannu ya kama fata ya nutse, ba ya zame ba. Da gaɓoɓin yatsu ake yi, da damtse, da gwiwar hannu, a hankali ƙwarai, kuma ana sa mutum ya riƙa motsa gaɓar yayin da ake danna ta.

Malam Fiziyo:
Malam ya kawo tsarin yadda yake. Tsarin ba shi da laifi, yana hana mai aiki ya maƙale a inda ake nuna masa da yatsa ya manta da sauran jiki. Inda nake da ja shi ne cewa hannu yana sake fasalin tantani. A 2008 an buga wani bincike na lissafi a mujallar likitocin ostiyofati na Amurka, wato likitocin da ke haɗa aikin hannu da magani, aka auna ƙarfin da ake buƙata kafin tantanin gefen cinya da na tafin ƙafa su sauya ko da kashi 1 cikin 100. Ƙarfin ya wuce abin da hannun mutum zai iya nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin masu binciken, Robert Schleip, Bajamushe, shi kansa mai aikin Rolfin ne, don haka ba abokin gaba ne ya faɗa ba.

To me yake sakin nan da muke ji a ƙarƙashin hannu? Jijiyoyin saƙo ne. Fata da tsoka da tantani cike suke da masu jin taɓi da matsi. Idan aka danna a hankali aka daɗe, saƙo ya tafi laka da ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta sassauta ɗaurin da ta yi wa tsokar, ta kuma rage ƙarar ciwon. Wannan saki gaskiya ne, mara lafiya ba ƙarya yake yi ba. Amma na awoyi ne zuwa kwanaki. Idan ba a shigar da motsi da ƙarfafa tsoka cikin wannan ɗan lokaci ba, jiki zai koma gidan jiya.

Hoton kafin da bayan kuwa kada ya ruɗe ka ɗalibi. Ka sa mutum ya saki ciki ya fitar da numfashi ka ɗauka, sannan ya ja numfashi ya ɗaga ƙirji ka sake ɗauka, ka samu hoton zama goma a minti ɗaya.

Malam Mai Tausa:
Na yarda da batun jijiya, yawancin masu koyar da aikin yanzu ma haka suke bayani. Amma kada a rage shi ya zama jin daɗi na kwana biyu. Mutumin da ya shekara goma bai san yana ɗage kafaɗarsa ta dama ba, idan ka riƙe tsokar ka ce ya sauke hannu a hankali sau biyar, ya ji da jikinsa inda yake riƙewa. Wannan sanin yana tafiya da shi gida. Shi ya sa ake sa shi motsi ana cikin dannawa, ba a bar shi kwance kamar buhu ba. Koyarwa ce da hannu.

Malam Fiziyo:
A nan ba mu saɓa ba. Idan koyarwa ce, a kira ta koyarwa, kada a ce wa mutum an mayar masa da ƙashi. Wanda aka gaya wa ƙashinsa ya goce an mayar, duk ranar da ya ji ɗan tsami zai ce ya sake gocewa, ya ji tsoron sunkuyawa, ya zama sai da kai. Tsoron motsi kansa yana cikin abubuwan da ke sa ciwon baya ya daɗe.

Dakta Ƙashi:
Kun shiga daga tsakiya. Kafin a yi maganar wane hannu ya fi, a fara tantance wanda bai kamata a taɓa shi ba sam. Ɗalibi, ka riƙe waɗannan tambayoyin, ka yi su ga kowa tun yana zaune da rigarsa.

Fitsari da bayan gida. Idan fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba bai sani ba, ko bayan gida yana kufce masa, ko ya daina jin taɓi a matse-matsi da tsakanin cinyoyi lokacin tsarki, jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne. Asibiti a ranar, a awar. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin mutum da wannan lalura har abada. Mutane suna jin kunyar faɗa, sai kai ka tambaya a fili.

Zazzaɓin yamma, zufar dare, rama, ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta. A ƙasar nan ka fara tunanin tarin fuka na ƙashin baya, ko da mutum ba ya tari. Yana cin ƙasusuwan baya har su rufta ta gaba, wani ƙulli mai kaifi ya ɓullo a gadon baya. Wanda ya ga wannan ƙullin ya ce zai danna shi ya koma, zai iya shanye wa mutum ƙafafu biyu. Maganinsa ƙwayoyin tibi na watanni, wani lokaci da tiyata.

Mai sikila da ke kukan ƙugu ko matse-matsi yana ɗingishi, kan ƙashin cinyarsa ne ke mutuwa don jini ba ya isa. Ka lanƙwasa ƙugun ka juya cinyar ciki, za ka ga ta ƙi juyawa da ciwo. Hoto yake buƙata, ba murza ba.

Dattijo mai sabon ciwon baya da wahalar fitsari, ko mace mai tarihin ƙari a nono, a duba ko daji ne ya kai ƙashi. Tsohuwa da ta rage tsawo, ko wanda ya daɗe yana shan firednisolon, maganin rage kumburi, ƙashinsu ya yi rauni, dannawa kaɗan na iya karya haƙarƙari. Sai ƙafar da ke ƙara rauni: ka sa shi ya taka da diddige, sannan da yatsu. Idan ƙafa ɗaya tana faɗuwa, ka tura shi.

Ɗalibin Gashi:
Na gode Dakta. Ashe kenan gara kowa ya fara yin hoton MRI, mai nuna cikin jiki, kafin a taɓa shi?

Dakta Ƙashi:
A'a. Idan babu ko ɗaya daga cikin alamun can, hoto ya fi kawo tsoro fiye da amfani, ga kuɗi. A 2015 an tattara binciken hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan. Cikin masu shekara 20, kashi 37 cikin 100 faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya fara tsufa, kashi 30 ya ɗan kumburo. Cikin masu shekara 80 kuwa kashi 96 da kashi 84. Lafiyarsu lau. Abin kamar furfura ne, ta ciki. Don haka ganin faifai ya kumburo a hoto bai tabbatar da shi ne mai laifin ba. Ana yin hoto ne idan sakamakonsa zai sauya abin da za a yi.

Gwajin da hannunka zai yi a kyauta: ya kwanta rigingine, ka ɗaga ƙafarsa a miƙe. Idan tsakanin digiri 30 zuwa 70 ciwo ya harba kamar lantarki ya wuce gwiwa, jijiyar ƙafa ce ta fusata. Idan ja ne kawai a bayan cinya, tsoka ce. Na farko ba a miƙar masa da ƙafa da ƙarfi, ƙara hura wuta ne.

Hajiya Mai Tausa:
Tunda Dakta ya share hanya, bari in kawo yadda zama ɗaya na minti 45 zai kasance ga tela mai ciwon kwankwaso da gindin wuya, wanda aka tantance.

Kafin komai a shirya ma'aunin ciwo da shi, daga 0 zuwa 10. A gaya masa kada ya bari ya wuce 5 ko 6. Alamar an wuce gona da iri ba sai ya faɗa ba: zai riƙe numfashi, ya danƙe hannu, ya tattare yatsun ƙafa. Da ka ga haka ka sassauta, don tsokar da ke kare kanta ba za ta saki ba, kuma gobe zai tashi da tsami fiye da yadda ya zo. Maganar nan ta "sai ya yi zafi yake aiki" ita ta fi ɓata aikin tausa.

Ya kwanta rub da ciki, matashi siriri a ƙarƙashin mara don kada kwankwaso ya lotsa, wani a ƙarƙashin idon sawu. Minti biyar na farko tafin hannu kawai, shafa mai faɗi daga ƙugu zuwa kafaɗa, da man kaɗanya kamar rabin ƙaramin cokali. In ka zuba da yawa hannu zai yi ta zamewa.

Daga nan dogayen tsokokin da ke gefe biyu na ƙashin baya. Damtsenka a kan tsokar, yatsa biyu daga tsakiya, ba a kan ƙashin ba. Nauyin jikinka za ka saki, ba ƙarfin kafaɗa ba, ka yi tafiya kamar santimita ɗaya ko biyu a duk numfashinsa. Sau uku kowane gefe. A ƙasan haƙarƙari na ƙarshe ka rage nauyi, ƙoda na wurin.

Tsokar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu ta gefe aka fi samunta. Ya juya ta gefe, matashi tsakanin gwiwoyi, ka shiga da babban yatsa daga gefe ka nufi wajen ƙashin baya a karkace. Idan ka samu ƙullin da ya ce "nan ne", ka tsaya, daƙiƙa 30 zuwa 90, har ya ce ya sauko daga 6 zuwa 3. Wuri uku ko huɗu sun isa a zama ɗaya. Haka a gefen mazaunai, ƙasa da bakin ƙashin ƙugu kaɗan. Idan ya ce wani abu ya harba zuwa ƙafa, kana kan jijiya, ka matsa gefe.

Gaban ƙugu na gajarta ga mai yawan zama. Ya zauna a bakin gado, ya rungume gwiwa ɗaya ya kwanta baya, ɗaya ƙafar ta rataya. Idan cinyar da ta rataya ta ƙi sauka daidai da gado, gaban ƙugun ya ɗaure. Ka ɗora hannu a kan gwiwarsa, ya tura sama da kamar kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa, daƙiƙa 7 zuwa 10, ya saki ya fitar da numfashi, ka bar ƙafar ta ƙara sauka da kanta. Sau uku zuwa biyar. Wannan ya fi aminci a kan cusa yatsu cikin ciki don neman tsokar mai zurfi, inda hanji da babbar jijiyar jini suke.

Minti goma na ƙarshe a tsaye ake yinsu, yana yin motsin da za ka ba shi na gida, kana gyara masa.

Malam Mai Tausa:
Hajiya, a kan aikin ciki ina tare da ke ga sabon hannu. Wanda ya ƙware yana shiga ta gefen tsokar ciki, gwiwoyin mara lafiya a lanƙwashe, yana bin fitar numfashi, in ya ji bugun jini a ƙarƙashin yatsa ya janye nan take. Amma ba a yi wa mai ciki, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko mai ƙaba, ko dattijon da ake jin wani abu na bugawa a cikinsa.

Baba Maɗori:
Sannunku 'ya'yana. Bari in sa baki a kan maganar gocewa, don kalmarmu ce. Kafaɗa tana gocewa, yatsa yana gocewa, muƙamuƙi ma. Idan sun goce ido yana gani: gaɓar ta sauya siffa, ta ƙi motsi, a mayar ta koma. Ƙashin baya ba haka yake ba. An ɗaure shi da jijiyoyi ta kowane gefe, ba ya gocewa don mutum ya ɗauki buhu. In ya goce da gaske, haɗarin mota ne ko faɗowa daga bisa, kuma wannan ba a ɗaga shi ma sai a kan katako a miƙe, kai da wuya a riƙe, zuwa asibiti. Abin da mutane ke kira gocewar baya, mafi yawa tsoka ce ta ɗaure ko targaɗe.

Sai al'adar taka baya. Yaro ƙarami ya taka wa babansa gadon baya, an saba. Amma babban mutum ya hau bayan tsoho da ƙafa biyu, haƙarƙari ba za su ɗauka ba.

Mutane kuma suna son su ji ƙas. In ba su ji ba sai su ce ba a yi aiki ba.

Malam Fiziyo:
Allah ya ƙara girma Baba. Ƙarar nan kumfar iska ce a cikin ruwan gaɓa. Idan aka buɗe gaɓar da sauri, matsin cikinta ya faɗi, iskar da ke narke a ruwan ta fito. Shi ya sa in ka sa yatsa ya yi ƙas ba zai sake yi ba sai bayan kamar minti ashirin. Babu ƙashin da ya koma wani wuri. Sauƙin da ake ji bayanta na ɗan lokaci ne, kuma ana samun kusan irinsa da girgiza gaɓa a hankali, salon da Maitland, wani likitan gashi na Ostareliya, ya tsara: ka ɗora gefen tafin hannu a kan ƙashin, ka riƙa dannawa kana saki sau biyu ko uku a daƙiƙa, na daƙiƙa 30 zuwa 60, ka tsaya ka sake gwada motsin da ke masa ciwo. In ya ƙaru da sauƙi ka maimaita. In bai sauya ba bayan zagaye biyu ko uku, ba wurin ba ne.

Dakta Ƙashi:
A kan wuya kuwa ina roƙon kowa a zauren nan, har da masu aski da ke murɗe wa mutane wuya bayan sun gama. Jijiyoyin jini biyu suna bi ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya su kai jini bayan ƙwaƙwalwa, kuma a saman wuya suna yin lanƙwasa. Fizga mai juyawa na iya yaga bangon jijiyar ta ciki, jini ya dunƙule, ya tafi ƙwaƙwalwa, a samu shanyewar ɓarin jiki, har ga matashi. Ba kasafai yake faruwa ba, amma garin neman gira kada a rasa ido. Mai jiri, mai ganin abu biyu-biyu, wanda harshensa ke sarƙewa, mai wahalar haɗiya, wanda ke faɗuwa ba zato, ko mai sabon ciwon ƙeya mai tsanani da bai taɓa jin irinsa ba, kada a taɓa wuyansa, a kai shi asibiti.

Ɗalibin Gashi:
To Malam Fiziyo, batun tsayuwa fa? An koya mana kai ya leƙo gaba da kafaɗa ta zubo su ne ke kawo ciwo.

Malam Fiziyo:
Alaƙar ba ta da ƙarfin da aka daɗe ana ɗauka. Akwai masu doro kaɗan da ba su san ciwo ba, akwai miƙaƙƙu kamar sanda da ba sa barci. Abin da ya fi cutarwa shi ne daɗewa a yanayi ɗaya, ko wane iri ne. Tela da ya zauna awa huɗu a miƙe ƙam zai gaji kamar wanda ya zauna a sunkuye.

Don haka gyaran a wurin aiki yake. Kujerar tela ta kai tsayin da ƙugu zai ɗan fi gwiwa bisa, keken ya matso jikinsa, haske ya sauka a kan allura don kada ya riƙa kai ido kusa. Duk minti 30 zuwa 40 ya miƙe, ya dafa ƙugu ya lanƙwasa baya sau biyar zuwa goma. Direban A Daidaita Sahu ko na doguwar tafiya ya cire walat daga aljihun baya, ya naɗe ƙaramin tawul ya sa a kwankwaso. Mai wanki ko shara a sunkuye ta ɗora bahon a kan turmi ko benci, tsintsiya ta samu doguwar mariƙa.

Motsin gida guda uku sun isa, in aka ba mutum takwas ba zai yi ko ɗaya ba. Ya kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ya ɗaga ƙugu ya riƙe daƙiƙa 5, sau 10, zagaye biyu. Ya durƙusa a kan hannu da gwiwa, ya miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare ba tare da ƙugu ya karkata ba, daƙiƙa 8 zuwa 10, sau 6 kowane gefe. Na wuya, ya ja haɓa baya kamar mai son yin haɓa biyu, ba sunkuyar da kai ba, daƙiƙa 5, sau 10. A ƙara da tafiya ta minti 20 zuwa 30 yawancin ranakun mako. Ciwo kaɗan lokacin motsi ba laifi, muddin ya koma yadda yake kafin washegari. Idan ciwon yana janyewa daga ƙafa yana komawa tsakiyar baya, alama ce mai kyau ko da na bayan ya ɗan ƙaru. Idan yana ƙara sauka ƙafa, a dakata.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. Ƙa'idar 2016 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta yarda da aikin hannu ne kawai a haɗe da motsa jiki. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tata ƙa'idar a kan ciwon kwankwaso mai daɗewa: ta sa tausa da motsa gaɓa cikin abin da za a iya yi tare da ilimantarwa da motsa jiki, ta hana ɗamarar baya da jan baya da na'ura da magunguna dangin taramol. Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ke fama da ciwon a 2020.

Hajiya Mai Tausa:
Batun "ƙafarka ɗaya ta fi tsawo" ma a taɓa shi, don da shi ake tsorata mutane. Kallon diddige mutum na kwance ba awo ba ne, in ya ɗan karkata ƙugu sai ka ga bambanci. Da tef ake aunawa, daga ƙashin da ya fito a gaban ƙugu zuwa idon sawu na ciki, sau biyu ko uku. Bambancin da bai kai santimita ɗaya ba yana jikin mutane da yawa. Sai ya doshi santimita biyu ake maganar ƙarin tafin takalmi, shi ma a hankali ake ƙarawa. In ƙashin ne gajere, babu tausar da za ta tsawaita shi.

Dakta Ƙashi:
Haka karkacewar baya ta yara masu tasowa, wadda ta fi tsananta ga 'yan mata. Yarinya ta haɗa ƙafa ta sunkuya, ka duba daga baya: in haƙarƙarin gefe ɗaya ya fi tudu, a yi hoto a tsaye a auna kusurwa. Daga digiri 10 ake kiranta karkacewa. Tsakanin kamar 25 zuwa 40 ga mai sauran girma, rigar gyara ta asibiti ake sawa awoyi da yawa a rana. Ta haura 45 zuwa 50, a fara maganar tiyata. Tausa na rage tsami, ba ta rage digiri. Asarar ita ce a ɓata shekara biyu na girma ana murza yarinya, a zo asibitin ƙashi irin na Dala lokacin da riga ba za ta ƙara amfani ba.

Sista Nas:
Ƙari a kan wanda ba a taɓawa. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura, da zafi, da ɗumi, musamman ga mai jego, ko wanda ya daɗe a kwance, ko ya sauko daga doguwar tafiya: ana zargin jini ya daskare a jijiya. In aka murza, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Kada a taɓa.

Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, shafa mai sauƙi kawai, ba gwiwar hannu ba, ba ƙaho ba. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, kada a gasa masa da ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba. Ga kowa ma gashi minti 15 zuwa 20 ne, da tawul tsakani, kuma ba a shafa man zafi sannan a ɗora ruwan zafi a kai, fata na salewa. Mai ciki ta gefe take kwanciya da matashi tsakanin gwiwoyi, ba rub da ciki ba, kuma in cikin ya tsufa ba a daɗe da ita a rigingine.

A riƙa tambayar abin da mutum ke sha. Da yawa suna haɗa magungunan ciwo irin su dikilofenak da ibufurofen kullum na watanni, ga gyambon ciki ga ƙoda.

Sannan sutura da izini. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji in da hali, a buɗe wurin da ake aiki kawai, a faɗa kafin a taɓa. Zaman cikin cinya da na cikin baki da Malam ya ambata, sai an yi bayani tun kafin ranar, kuma mutum na da ikon cewa a tsallake.

Malam Fiziyo:
A kan wannan, a Najeriya likitan gashi (fiziyo) sai yana da rajista da MRTB, hukumar da ke kula da wannan sana'a. Mara lafiya na da damar ya tambaya.

Ɗalibin Gashi:
Allah ya saka da alheri. Ta ƙarshe: yaya zan gane aikin yana ci, kuma yaushe zan tsaya? Ko sai an cika goma?

Malam Mai Tausa:
Ga mai son bin tsarin Rolfin, ana iya tsayawa bayan zama na uku a duba, wurin tsayawa ne da tsarin kansa ya tanada. Ba a karɓi kuɗin goma a dunƙule ba.

Malam Fiziyo:
Ranar farko ka rubuta abu uku da za a iya ƙirgawa. Minti nawa yake zama a kan keke kafin ciwon ya tashe shi. Santimita nawa tsakanin yatsunsa da ƙasa in ya sunkuya gwiwa a miƙe. Sai abu ɗaya da shi ya zaɓa, misali ruku'u da sujada ba tare da dafa bango ba, ko sau nawa ciwo ke tashinsa da dare. Ka sake aunawa a farkon kowane zama, kafin ka taɓa shi, don awon bayan tausa kullum kyau yake yi. Tsamin kwana ɗaya ko biyu bayan zama ba komai, in ya wuce haka ka rage nauyin hannu da rabi a na gaba. Sau ɗaya a mako na mako huɗu zuwa shida. In lambobin na tafiya, ka buɗe tazara zuwa mako biyu, sannan wata, kana rage mintunan gado kana ƙara na motsi. In zama shida sun wuce babu abin da ya motsa, ka koma kan tambayoyin Dakta tun daga ta farko, ka tambayi barcinsa da damuwarsa, sannan ka rubuta masa takardar turawa.